Yadda za ka bambance zamunan ɗan'adam a tatsuniyar tsoffin Girkawa ba tare da sun cakuɗe maka ba

Duk wanda ya ɗan leƙa labaran tsoffin Girkawa ya taɓa cin karo da maganar zamunan nan, na zinare da na azurfa da na tagulla da na jarumai da na baƙin ƙarfe. Haddace sunayen ba wuya, inda ake yin tuntuɓe shi ne a ce maka to me ya raba mutanen azurfa da na tagulla, sai ka ji mutum ya ce ai kowane zamani ya fi na bayansa kyau, shi kenan ya rufe baki. Wannan amsar ba ta wadatar ba, kuma a wuri ɗaya ma kuskure ce ƙarara. Ga hanyar da nake ganin ta fi ɓullewa, ko ɗalibi ne kai ko malami ko kuma sha'awa ce kawai ta kawo ka. Kuma dai mun sani tatsuniya ce ta mutanen da ke bautar alloli barkatai, karatun fahimta muke yi ba na aƙida ba.

Abu na farko, ka san wa yake ba da labarin kuma wa yake gaya wa. Wanda ya fara rubuta mana shi wani mawaƙi ne Hesiod, ya rayu wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a wani ƙauye da ake kira Askra a yankin Boeotia, gindin dutsen Helikon. Manomi ne kuma makiyayi, babansa ya taso daga garin Kyme da ke gaɓar Turkiyya ta yanzu bayan fataucin jirgin ruwa ya ƙi masa, kuma shi Hesiod ɗin da bakinsa ya ce ƙauyen nasu ba daɗi da sanyi, ba daɗi da zafi, babu lokacin da yake da daɗi. Waƙar da labarin yake ciki sunanta Ayyuka da Ranaku, kuma ɗan'uwansa Perses yake yi wa ita, don sun yi rigimar gado, Perses ya kwashi kaso mafi tsoka ta hanyar lallaɓa manyan gari masu yanke hukunci, waɗanda Hesiod ya kira masu haɗiye toshiya. Ka riƙe wannan sosai. Mutumin da aka cuta a rabon gona ne yake magana, ba masanin tarihi da ya zauna lissafin shekaru ba, shi ya sa duk inda labarin ya juya za ka ga adalci da zalunci ne a gabansa. Labarin kansa gajere ne, daga baiti na 106 zuwa na 201, bai cika baiti 100 ba, akwai fassarorinsa kyauta a intanet, don Allah ka karanta shi da idonka kafin ka karanta sharhin kowa, har da wannan nawa.

Abu na biyu, ka samu takarda ka raba ta gida biyar, sannan ka yi wa kowane zamani tambayoyi iri ɗaya. Me suke ci kuma da wace wahala suke samu? Yaya ƙuruciyarsu da tsufansu? Yaya zamansu da juna da kuma allolinsu? Me ya kawo ƙarshensu? Ina suka tafi bayan mutuwa? A wurina tambaya ta biyu da ta ƙarshe su ne suka fi raba gardama, za ka gani.

Mutanen zinare sun rayu lokacin da Kronos, baban Zeus sarkin allolin Girkawa, yake mulkin sama. Ba noma ba wahala, ƙasa da kanta take fitar da abinci mai yawa, ba baƙin ciki, kuma ba sa tsufa, Hesiod ya ce hannuwansu da ƙafafuwansu kullum suna nan yadda suke. Amma fa suna mutuwa, nan mutane da yawa suke kuskure suna cewa ba sa mutuwa, suna mutuwa mana, sai dai mutuwar tana zuwa musu kamar barci ya kwashe su. Bayan ƙasa ta rufe su sai suka zama wasu ruhohi na alheri da ke yawo a doron ƙasa suna tsaron mutane suna raba arziki. To ka rubuta a gidansu: ba tsufa, mutuwa mai sauƙi, makoma a saman ƙasa da daraja.

Mutanen azurfa su ne suka fi ba ni mamaki kuma su aka fi mantawa. Ka duba abin da Hesiod ya ce, yaro zai yi shekara 100 cur a gaban uwarsa cikin gida yana wasa, ƙaton jariri mara wayo, uwa tana ta raino, sannan in ya balaga ya kai ƙarfi sai ya yi 'yan shekaru kaɗan cikin baƙin ciki ya mutu saboda wautarsa. Laifinsu biyu ne, ba sa iya kame kansu daga cin zalin juna, kuma sun ƙi yi wa alloli hidima, sun ƙi yin yanka a wuraren bauta kamar yadda al'ada ta tanada. Zeus ya yi fushi ya kawar da su. Amma ka lura, duk da haka ba a bar su hannu rabbana ba, an kira su masu albarka na ƙarƙashin ƙasa, suna a mataki na biyu amma da sauran girma a tare da su. Kenan bambancinsu da na zinare ba wai ƙarfin jiki ba ne ko yawan abinci, hankali ne bai nuna ba, da kuma girman kai.

Na tagulla kuma Zeus ne ya yi su daga wata itaciya mai tauri wadda Girkawa suke yin sandar mashi da ita, kuma wannan kaɗai ya isa ya gaya maka ko su wane ne. Yaƙi kawai suka sani, aikin Ares allan yaƙi, ba sa cin gurasa, zuciyarsu kamar dutse, makamansu tagulla, gidajensu tagulla, kayan aikinsu tagulla, Hesiod ya ƙara da cewa lokacin babu baƙin ƙarfe. Ba a ambaci ƙuruciyarsu ba, ba a ambaci tsufansu ba, kamar dai a ganiyar ƙarfi suka zo a ganiyar ƙarfi suka tafi. Kuma ga wurin da za ka ja layi da jan biro: ba Zeus ne ya halaka su ba, su da kansu suka karkashe juna, suka gangara gidan Hades mai sanyi, wato mazaunin matattu, ba suna ba asali. Na zinare sun samu daraja, na azurfa sun samu ragowar daraja, na tagulla ko sunan mutum ɗaya ba a riƙe ba. To in aka tambaye ka bambancin azurfa da tagulla yanzu kana da amsa, na azurfa laifinsu ya haɗa da raina alloli kuma alloli ne suka hukunta su, na tagulla laifinsu zubar da jini ne kuma hannunsu ne ya ci su.

Abu na uku, kuma nan ne nake so ka fi daɗewa, ka daina kallon labarin kamar tsani da ake ta saukowa ba tsayawa. Zamani na huɗu ya karya wannan lissafin. Jarumai ba su da sunan wani ƙarfe, kuma Hesiod ya faɗa ɓaro-ɓaro cewa sun fi na tagulla adalci sun fi su nagarta, har ya ce rabin alloli ne. Su ma fa mayaƙa ne, wasu sun mutu a birnin Thebes mai ƙofa bakwai suna faɗa kan garken Oedipus tsohon sarkin birnin, wasu jiragen ruwa suka kai su birnin Troy yaƙi saboda wata mace Helen suka mutu a can. Amma wasunsu Zeus ya kai su can ƙarshen duniya, Tsibiran Masu Albarka a bakin babban teku, inda ƙasa take ba da amfani mai zaƙi sau 3 a shekara kuma zuciyarsu ba damuwa. Ka ga ai wannan ya yi kama da rayuwar mutanen zinare, kamar an ɗan dawo da ita ne a gefe. To me ya sa Hesiod ya cusa su a tsakiyar ƙarafa? Masana da yawa suna ganin jerin ƙarafa huɗu ya riga shi, ana ganin daga gabas ya shigo, shi kuma ba yadda za a yi ya ba Girkawa tarihin ɗan'adam ya tsallake mutanen Thebes da Troy, waɗanda manyan gidaje suke danganta asalinsu da su kuma ake kai ziyara kaburburansu. Wani masani Bafaranshe, Jean-Pierre Vernant, a 1960 ya kawo wata hanyar karatu da ni dai ta taimaka min ƙwarai, ya ce ka haɗa su biyu-biyu. Zinare da azurfa tagwaye ne, ɗaya adalci ɗaya wuce gona da iri. Tagulla da jarumai su ma tagwaye ne, duka mayaƙa, amma an juya tsarin, na farko wuce gona da iri na biyu adalci. In ka jera takardarka haka za ka ga abin ya zauna daram, kuma ba za ka sake mantawa da inda jarumai suke ba. Ba kowa ne ya yarda da Vernant ba a duk abin da ya faɗa, amma a matsayin dabarar tunawa ban ga wadda ta kai ta ba.

Sai na biyar, na baƙin ƙarfe, wanda Hesiod ya ce a cikinsa yake, har ya yi fatan da ma ya mutu kafinsa ko a haife shi bayansa. Nan ka kula da lokacin da yake magana a kai, don gida biyu ne. Akwai halin da ake ciki, wahala da rana wahala da dare, amma ya ce duk da haka akwai alheri a gauraye da sharrin. Sannan akwai abin da zai zo nan gaba, kuma mafi yawan munanan abubuwan da ake jingina wa zamanin ƙarfe a wannan gidan na biyu suke, ba su riga sun faru ba a bakinsa. Ya ce Zeus zai halaka wannan iri ranar da aka fara haihuwar jarirai da furfura a gefen kai. Uba ba zai jitu da 'ya'yansa ba, baƙo da mai masauki ba amana, aboki da aboki haka, ɗan'uwa ba zai zama abin ƙauna kamar da ba, 'ya'ya za su riƙa gaya wa iyayensu tsofaffi baƙar magana su ƙi rama musu wahalar raino, mai cika rantsuwa ba zai samu yabo ba sai mugu, ƙarfi shi ne zai zama gaskiya, mutumin banza zai yi wa na kirki ƙarya ya kuma rantse a kai, hassada mai baƙar fuska tana bin kowa. Daga ƙarshe wasu alloli mata biyu, Aidos da Nemesis, wato kunya da kuma fushin da mutanen kirki suke ji in sun ga an yi abin assha, za su lulluɓe jikinsu da fararen mayafai su bar duniya su hau dutsen Olympus wurin sauran alloli, su bar mutane ba magani.

Yanzu koma kan tambayar nan ta biyu ka bi ta daga farko zuwa ƙarshe a layi ɗaya. Zinare ba tsufa sam. Azurfa kusan duk rayuwar ƙuruciya ce. Tagulla da jarumai ƙarfin samartaka. Ƙarfe kuma zai ƙare da tsufa tun daga ranar haihuwa. Wallahi duk lokacin da na bi wannan layin sai na ƙara girmama mawaƙin nan, don yaron shekara 100 da jariri mai furfura suna kallon juna ne daga gefe biyu na waƙar, kuma in ka riƙe waɗannan hotuna biyu sauran bayanan da kansu suke biyo ka.

Abu na huɗu, ka ware Hesiod daban ka ware Ovid daban, kada ka yarda su haɗu a takarda ɗaya. Mafi yawan rikicewar da ake gani a rubuce-rubucen intanet daga nan take. Ovid ba Bagirke ba ne, mawaƙin Roma ne, an haife shi shekara 43 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kammala babbar waƙarsa Metamorphoses wajen shekara ta 8 bayan haihuwarsa, kusan ƙarni 7 kenan bayan Hesiod. A littafi na 1, baiti na 89 zuwa 150, zamuna huɗu ya kawo, ya cire jarumai gaba ɗaya, don haka a wurinsa ne labarin ya zama saukowa zalla. Sunayen ma sun canza, Kronos ya zama Saturn, Zeus ya zama Jupiter. Amma babban bambancin ya wuce suna. A wurin Hesiod kowane iri na mutane ana ƙera shi ne daban, a kawar da shi, a sake ƙera wani, ba jikokin juna ba ne. A wurin Ovid kuwa duniya ce da halin mutane suke ta lalacewa a hankali, kuma abin da yake sa wa ido shi ne sana'a da ƙere-ƙere. Zamanin zinarensa ba doka ba alƙali ba tsoron hukunci, ba a sare itace an yi jirgin ruwa ba, ba ganuwa ba takobi ba soja, kullum yanayi mai daɗi, kogunan madara suna gudu, zuma tana ɗiga daga itace. Da Jupiter ya karɓi mulki sai ya raba shekara gida huɗu, zafi da sanyi suka shigo, mutane suka fara neman mafaka a koguna na dutse, aka fara shuka hatsi aka ɗora wa shanu karkiya. Ka ga a nan babu yaron shekara 100 ko alama. Zamanin tagulla kuwa ko baiti uku cikakku bai ba shi ba, ya ce dai sun fi zafin kai da saurin ɗaukar makami amma ba su kai ga mugunta ba, wanda kusan kishiyar abin da Hesiod ya faɗa ne. Sai a zamanin ƙarfe ya buɗe wuta, jiragen ruwa suka shiga teku, mai awon fili ya zo ya ja doguwar iyaka a ƙasar da a da ta kowa ce kamar iska da hasken rana, aka haƙa cikin ƙasa aka fito da ƙarfe da kuma zinare wanda ya ce ya fi ƙarfe cutarwa, miji yana fatan mutuwar mata, matar uba tana haɗa guba, ɗa yana lissafin shekarun babansa tun lokaci bai yi ba. Wadda ta bar duniya a ƙarshe a wurinsa Astraea ce, allar adalci, ba Aidos da Nemesis ba.

Dabara mai sauƙi, in ka ga rubutu ya ambaci yanayin shekara huɗu, ko kogin madara, ko farkon shigar jirgin ruwa teku, ko Astraea, to Ovid ne. In ka ga yaron shekara 100, ko gidajen tagulla, ko jarumai, ko furfurar jarirai, to Hesiod ne. In kuma ka ga duka a wuri ɗaya to marubucin ya gauraya, sai ka tsince da kanka.

Akwai na uku a tsakaninsu da ya kamata ka san sunansa ko da a taƙaice, Aratus, mutumin Soli a kudancin Turkiyya ta yanzu, ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa. Waƙar taurari ya yi, zamuna uku kawai ya kawo, zinare da azurfa da tagulla, kuma ya ɗora labarin a kan Dike allar adalci. A zamanin zinare tana zaune cikin mutane tana tara dattawa, a na azurfa ta koma kan duwatsu sai da yamma take saukowa ta yi musu faɗa, da na tagulla suka ƙera takobi suka fara yanka shanun noma suna ci sai ta tashi sama ta zama taurarin nan da ke riƙe da zangarniya, waɗanda masu ilimin taurari a wurinmu suka sani da burjin Sumbula. Ta wannan hanyar ne maganar Astraea ta isa ga mawaƙan Roma.

Abu na biyar, kada ka haɗa wannan da zamunan masu haƙar kayan tarihi. Zamanin dutse da na tagulla da na ƙarfe da ake koyarwa a makaranta tsari ne na wani mai kula da gidan tarihi a Danmak, Christian Thomsen, wanda aka buga a 1836, kuma a kan kayan aikin da aka tono aka gina shi. Gaskiya ne a Girka tagulla ta riga ƙarfe, fadojin zamanin tagulla irin na birnin Mycenae sun rushe wajen shekara 1200 kafin haihuwar Annabi Isa sannan ƙarfe ya bazu daga baya, don haka maganar Hesiod cewa lokacin babu baƙin ƙarfe tana iya zama ragowar tunawa da wani abu na gaske. Amma iyakarta kenan. A lissafin masu haƙa, yaƙin Troy in dai ya faru a zamanin tagulla zai faɗo, shi kuwa Hesiod ya ajiye jaruman Troy a bayan mutanen tagulla.

Haka ma in za ka kwatanta da wasu al'ummu, ka yi a hankali. A littafin Daniyel na Baibul sura ta 2 akwai gunki mai kan zinare, ƙirjin azurfa, cikin tagulla, ƙafafun ƙarfe, tafin ƙafa ƙarfe gauraye da yumɓu, jerin ƙarafan iri ɗaya ne amma masarautu yake nufi masu bin juna. Indiyawa suna da zamuna huɗu da suke kira yuga, daga Krita zuwa Kali, su kuma zagayawa suke yi su dawo farko. Aflatun, masanin falsafar nan Bagirke, shi ma ya ari ƙarafan Hesiod a littafinsa na tsarin gari, sai dai shi ya zuba su ne a cikin rayukan mutanen gari ɗaya masu rayuwa lokaci ɗaya, masu mulki zinare, mataimakansu azurfa, manoma da masu sana'a ƙarfe da tagulla. Kafin ka ce wannan da wancan ɗaya ne, ka fara tambaya me ƙarfen yake wakilta a kowanne, iri na mutane ne ko masarauta ko aji.

Wannan maganar zagayawa ta yuga ita ce za ta iya sa ka tambayi ko shi ma Hesiod yana ganin abin zai zagayo. Hujjar masu cewa e tana baiti na 174 da 175, inda ya yi fatan a haife shi bayan zamanin ƙarfe, suna cewa ai ba zai yi wannan fatan ba sai in yana sa ran wani abu mafi kyau a gaba. Masu cewa a'a kuma suna ganin salon magana ne kawai na wanda ya gaji, wato ko ina ma dai ban da nan. In rubutun makaranta kake yi ka kawo duka biyun ka nuna baitin, sannan ka ambaci cewa wanda ya fito fili ya yi shelar dawowar mulkin Saturn shi ne Virgil mawaƙin Roma, a waƙarsa ta makiyaya ta 4 wajen shekara 40 kafin haihuwar Annabi Isa, ba Hesiod ba.

In ka gama cike takardar, kada ka rufe littafin a baiti na 201, ka zarce ka karanta abin da ya biyo baya nan take. Hesiod ya juya ga manyan garin ya ba su labarin shaho da ya cafke wata 'yar tsuntsuwa mai daɗin murya a farcensa ya yi sama da ita cikin gajimare tana kuka, shahon yana ce mata me kike wa ihu, wanda ya fi ki ƙarfi ne ya riƙe ki, in na ga dama in cinye ki in na ga dama in sake ki. Daga nan sai ya kira Perses da sunansa ya ce masa ya saurari adalci ya daina ƙara wa zalunci ƙarfi, ya kuma gargaɗi masu hukunci cewa Zeus yana da masu gadi 30,000 da ke yawo a duniya lulluɓe da hazo suna duba shari'o'i, waɗanda masu sharhi da yawa suke ɗauka su ne ruhohin mutanen zinaren nan. Wannan ɓangaren daga baiti na 202 ya fara, ka haɗa shi da na zamunan a zama ɗaya.